Ranar da na fara hawa dandali

Jiya ina gyaran akwati sai na ci karo da tsohon rawanin da na naɗa a teyatur ɗina na farko, wato wasan kwaikwayo, wallahi sai da na zauna.

Ina lakwal na fara, mushenmu, wato malaminmu, shi ne ya ja ni, wai surutuna ya yi yawa gara a sa shi aiki. Mutum ne da ya taso cikin samariya, ƙungiyar matasa ta zamanin shugaban Nijar Seyni Kountché, bayan 1974, lokacin da kusan kowace unguwa ta Damagaram ke da 'yan wasanta, kuma irin koyarwar da ya yi mana ke nan, ba takarda ba hadda, a zauna a tsara labari da baki, a ce kai ne mai gari kai ne dogari, sauran magana kuma daga cikinka za ta fito.

Wata uku ban ce uffan ba a wasa. Ɗaukar tabarma da benci ne aikina, sai da yamma ya tsayar da ni bakin wani dutse a unguwar Birni shi kuma ya yi nisa, ya ce "ɗana, ɗaga murya, tsohuwar da ke can baya ita ma ta biya kuɗinta." Har yau in zan yi magana ita nake tunawa.

Da ranar ta zo aka ba ni dogari, magana biyu kacal. Gwiwata na rawa, rawanin ya zamo ya rufe min ido ɗaya, na ce "ranka ya daɗe" da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Innata tana layi na uku, na ji guɗarta.