Abinda na koya a kan E. coli mai dafi tsakanin mutum da dabba

Cikin duk abinda na karanta a fannin ƙananan ƙwayoyin cuta babu wanda ya tsaya min a rai kamar maganar E. coli mai fitar da dafin Shiga. Ita dai E. coli bakteriya ce da ke hanjin kowa, mutum da saniya da tunkiya, kuma yawancin ire-irenta ba ruwansu da cutar da kowa. Amma akwai irin su O157:H7 masu dafi, kuma dafin nan fa ba gadonsu bane tun asali, wani bairos ne mai kama bakteriya yake shigowa da ƙwayar halittar dafin ya liƙa ta cikin DNA ɗinsu. Yau bakteriya lafiya lau, gobe ta zama abin tsoro.

Abinda yafi damuna shine saniya zata iya ɗauke da ita tana kiwonta ƙalau ba ko alamar ciwo, saboda jijiyoyin jininta basu da wurin da dafin yake maƙalewa, wanda ake kira Gb3. Mu kuwa muna da shi, musamman a ƙoda, shi yasa yaro zai fara da gudawa mai jini sai bayan 'yan kwanaki ƙodarsa ta tsaya, wallahi abin tausayi, kuma ƙwaya ƙasa da 100 ta isa ta kwantar da mutum. Ga wani abu kuma, ba'a gaggawar bada antibayotik a irin wannan gudawar don wasu magungunan suna tunzura bairos ɗin, dafin ya ƙaru. A 1982 aka fara gane O157:H7 a Amurka, daga niƙaƙƙen naman shanu da bai dahu sosai ba.

A ɗakin gwaji aikin shine a ɗauko samfur daga mara lafiya, a ɗauko daga kashin dabba ko nama ko madara, a gwada DNA ɗinsu a ga ko 'yan gida ɗaya ne. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta kafa PulseNet, wato haɗakar ɗakunan gwaji, a 1996 don wannan aikin, yanzu ma an koma karanta DNA ɗin gaba ɗaya. To a nan ne malamanmu suka dinga ja mana kunne, idan biyu sun yi kama sosai to akwai alamar tushensu ɗaya, amma wannan bai gaya maka wa ya ba wa ba, bai kuma gaya maka wacce tafi haɗari ba. Sai ka koma ka duba me kowacce ta ɗauko, stx1 ne ko stx2, wato ire-iren dafin Shiga guda biyu, tana da ƙwayar halittar eae mai sa ta manne a bangon hanji ko babu. Stx2 shi yafi kai mutum ga ciwon ƙoda. Kamar 'yan uwa biyu ne uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya hannu sake, ɗaya da wuƙa a aljihu.

Annobar Jamus ta 2011 ita ta ƙarasa zaunar min da wannan darasi. Mutum kusan 4,000 suka kamu, sama da 50 suka rasu, da farko aka ɗora laifin a kan kokwambar Sifen manoma suka tafka asara a banza, daga baya aka gano tsiron hulba ne da aka shigo da irinsa daga Masar. Ita kuma ƙwayar, wata irin E. coli mai suna O104:H4, ba daga dangin na shanu ta fito ba, danginta a jikin mutane aka sansu, bata ma da eae ɗin da kowa yake nema, stx2 kawai ta samu daga bairos ta haɗa da nata salon manne wa hanji. Manya ma tafi kamawa, yawanci mata, ba yara ba kamar yadda aka saba. Duk wanda ya tsaya neman O157 kaɗai a lokacin, to ta gabansa zata wuce bai ganta ba.