Bishiya a Cikin Kasko

Rabin bishiyoyin da ke jere a wurin aikina ba na sayarwa ba ne, jinya aka kawo su. Sana'ata rainon bonsai, wato bishiyar da ake tsare girmanta a ɗan kasko har ta tsufa ba ta wuce kamu biyu ko uku ba. Sunan na Japananci ne, ita kuwa fasahar daga Sin ta isa Japan. Ni dangin ɓaure na fi riƙewa, waɗanda masana ke kira Ficus, 'yan gida ɗaya da ceɗiya da durumi. Irinsu ya haura 800, amma biyu ne ke tafiya a hannuna: microcarpa mai kumburarriyar saiwa, da benjamina mai siririn ganye. Mai kumburin nan yawanci ɗan aure ne, gindin daban, rassan daban. Shi ya sa idan toho ya fito daga ƙasan wurin auren da manyan ganye nake cire shi nan take, in ba haka ba sai ya kwashe ƙarfin na sama.

Abin da ya fi kawo min marasa lafiya ruwa ne. Wata baiwar Allah ta shigo da tata, ganye duk ya yi ɗorawa, ta ce, "Malam, wallahi kullum sai na ba ta ruwa, safe da yamma." Na ce, "Hajiya, ai ciwon ke nan." Da na zare bishiyar daga kasko, saiwar ta yi baƙi tana wari. Kaskon ba shi da huda ko ɗaya a gindi, sannan an manne tsakuwa da gam a saman ƙasar don kwalliya. Wannan manne tsakuwar yana ɓata min rai, domin yana hana mutum yin abu ɗaya da ya kamata ya yi: ya sa yatsa ya taɓa ƙasa. In saman ya bushe, a zuba ruwa sosai har ya fita ta ƙasa. In da danshi, a ƙyale ta. Ba ni da jadawalin kwanaki da nake ba kowa, ɗakin wani ba na wani ba ne.

Sai haske. Wai tunda an ce ta cikin ɗaki ce, sai a ɗora ta kan teburin da rana ba ta leƙawa. Bakin taga mafi haske take so, nesa da iskar na'urar sanyaya ɗaki, kuma kada sanyi ya yi ƙasa da digiri 15. Benjamina kuwa akwai fushi, ana sauya mata wuri sai ta zubar da ganye. Mai ita ya tsorata, ya ƙara ruwa, ya ƙara taki, ya sake sauya mata wuri. Da ya bar ta, cikin 'yan makonni za ta sake toho.

Aski ne aikin da na fi jin daɗinsa. Ina barin reshe ya fitar da ganye 6 zuwa 8, sannan in datse shi ya koma 2. Da haka rassa ke yawaita, ganye ya ƙanƙance. Wurin da aka yanka yana fitar da farin ruwa kamar nono, mai danƙo, yana sa wasu ƙaiƙayi, don haka almakashina kullum cikin goge shi nake. Wayar alminiyom da nake lanƙwasa reshe da ita tana buƙatar ido, ɓaure na saurin kauri. Na taɓa mantawa da wata waya tsawon wata uku, wayar ta nutse cikin ɓawo, har yau tabon yana nan.

Duk bayan shekara biyu nake sauya ƙasa, in rage saiwa, in zuba sabon haɗi mai tsakuwa wanda ba ya riƙe ruwa.

Bishiyar Hajiya na yanke mata ruɓaɓɓiyar saiwa, na sa ta a kasko mai huda, na hana ta taki. Ta yi mako biyar tsirara. Ran da na ga koren toho guda uku a reshen ƙasa na kira ta, ta ce gobe za ta zo ɗauka. Na ce ta ƙara haƙurin wata guda.