Daga Birnin Kebbi zuwa Kano ta sama: tazarar da na bari a Abuja

Daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, zuwa na Malam Aminu Kano, kilomita 450 ne da 'yan kai in an miƙe, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. To amma ban samu jirgi kai tsaye ba, sai ta Abuja: kusan kilomita 500 zuwa filin Nnamdi Azikiwe, sannan a juyo arewa wajen 360 zuwa Kano. Kowane zango kamar awa guda ne a sama.

Wannan lissafin ne ya ci ni. Na sayi tikiti biyu a kamfani biyu, na bar awa ɗaya da rabi tsakanin sauka a Abuja da tashi zuwa Kano, a watan Janairu, tsakiyar hunturu.

Jirgin da ke ɗaukar fasinja a Ambursa ba nan yake kwana ba. Daga Abuja yake zuwa, ya sauke, ya ɗauka, ya koma. In hazo ya rufe Kebbi da safe, matuƙi ba zai baro Abuja ba sai an shaida masa ana iya hango titin sauka daga nisan da ƙa'ida ta gindaya. Ran nan sai da rana ta ɗaga kafin ƙurar ta ɗan lafa, muka tashi a makare da fiye da awa ɗaya.

Ko da ma babu hazo, awa ɗaya da rabin nan ba tawa ba ce duka. Kamfani na biyu yana rufe kanta, wato wurin tantance tikiti da awon kaya, minti 45 kafin tashi. Saukowa daga jirgi da jiran jaka a wurin karɓar kaya sun ci minti 25. Tunda tikitin ba a haɗe yake ba, babu mai miƙa mini jakar zuwa jirgin Kano. Ni zan ɗauke ta, in sake kai ta awo, in sake bin layin bincike. Ashe abin da ya rage mini tun farko minti 20 ne kacal. Da minti 20 na tunkari hazon Janairu.

Na isa kanta an rufe. Ma'aikaciyar ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, jinkirin ba daga gare mu yake ba." Gaskiyarta. Na biya tarar rashin zuwa da cikon kuɗin jirgin washegari, ga tasi zuwa gari, wajen kilomita 40, ga kuɗin otal. Har yanzu in na tuna raina yana ɓaci, don da hannuna na zaɓi wannan tazarar.

Yanzu daga Disamba zuwa Fabrairu ba na barin ƙasa da awa huɗu a Abuja. In kamfani ɗaya yana zuwa wuraren biyu, tikiti ɗaya nake yanka a haɗe, don in sun makara su za su nema mini wani jirgin. Kaya kuwa jakar hannu kawai. Kafin in bar gida kuma sai na kira ofishinsu na ji ko jirgin ya baro Abuja.

Na bar Birnin Kebbi da safiyar Talata, ban taka Kano ba sai azahar ɗin Laraba.