Galurar tsami ta mayar mini da fatun bagaruwa ganda

Masu sayar da galura a kasuwa magana guda suke maimaita wa kowa: tafasa ruwa, zuba gari, ƙara ruwan khal, tsoma kayanka. Ga mai rina ulu ko igiyar nailan, maganar daidai take. Ga baduku kuwa, in fatarsa jimar bagaruwa ce, wannan shawara asara ce tsagwaronta, kuma a kan fatuna aka gwada ta. Fatun jar akuya ne zaɓaɓɓu, babu tabon ƙaya babu yankan wuƙa, irin waɗanda sai ka yi wa majemi magana tun kafin su fito daga ruwa yake ajiye maka.

Wata hajiya mai shagon kayan ado a Abuja ce ta ba ni aikin tumtum da jakunkunan hannu. Shuɗi mai haske take so, kuma fata da tuntu da zaren ɗinki duk su zo launi ɗaya. Mu a gidanmu ja da baƙi da rawaya muka gada: karan dafi, kuloko, gangamau. Shuɗin da ta turo mini hotonsa ba ya cikin waɗannan. Rinin baba na marina irin na Kofar Mata kuma aikin auduga ne, ruwansa na toka yana duhunta fatar bagaruwa, ga shi yana goguwa a jikin tufa. Wa zai sayi jakar da za ta ɓata masa farar shadda? Shi ya sa na nufi masu galura.

Na ce wa mai shagon galurar, "Alhaji, fata zan rina, da ɗan siliki da nailan."

Ya ce, "Malam, ai ka zo gida. Wannan ta tsami ce, fata, ulu, siliki, nailan, duk tana ci. Ka dai bari ruwan ya tafasa sosai."

Bai yi ƙarya a kan abin da take ci ba. Fata da ulu da alharini duk daga jikin mai rai suka fito, furotin ne, nailan kuma an ƙera shi da sarƙar sinadari mai kama da tasu. In tsami ya shiga ruwa, wasu gurabu a jikin zaren sukan ɗauki caji, ita kuma galurar tana ɗauke da kishiyar wannan cajin, sai su manne. Auduga ba ta da waɗannan gurabun, haka ma foliyesta, don haka ko kwana za su yi a tukunya wanki ɗaya zai fitar da launin. Abin da Alhaji bai tambaye ni ba, kuma shi ne tambayar da duk wanda ya san kayan da yake sayarwa zai fara yi, shi ne: wace irin jima ce fatar?

Siliki da nailan ba su ba ni wahala ba. Ruwa ya yi zafi, na ƙara khal, kafin wani lokaci shuɗin ya bar ruwan ya koma jikin zare, har ina ganin gindin tukunya. Wannan washewar ruwa ita ce alamar galurar tsami ta kama. Ulun da na sayo na tuntu ne ya fito fari fat kamar ba a tsoma shi ba, sai da na kunna masa ashana na gane dalili. Yawancin zaren saƙa da ake kira ulu a kasuwanninmu na roba ne, akirilik, ba gashin tumaki ba. Ulu na gaskiya in ya ƙone ƙaurin gashi yake yi, tokarsa ta murmushe a yatsa. Na roba narkewa yake, ya dunƙule ya yi tauri. Wannan ƙaramar asara ce, na canja zare na wuce.

Sai fatu. Da ganin yadda siliki ya yi kyau, hankalina kwance na tsoma su a ruwan da ke tafasa kamar yadda aka ce. Ban gama juya su da sanda ba na ga gefensu yana nannaɗewa. Kafin in tsamo ta farko ta tsuke ta yi kauri, tana santsi tana danƙo, ta zama ganda sak, irin wadda ake sa wa a miya, sai dai wannan shuɗiya ce. Da suka bushe suka ƙandare, in ka lanƙwasa sai su tsage. Na shafa man gyaɗa, na jiƙa, na ja, na buga a kan gungume. Babu abin da ya dawo. Fatar da zafi ya dafa ba ta komawa, ko wane ne majemin.

Da na koma wa Alhaji da guda a hannu, ya jujjuya ta ya ce, "Ai ba ka ce mini jimar gida ba ce." A Kano, baduku ya zo maka da maganar fata, kai kuma sai an gaya maka akwai jimar gida? Ina tsaye wani yaro ya zo sayen ja, na ji ana karanta masa karatun nan na tafasa ruwa, ba a tambaye shi me zai rina ba.

Wanda ya warware mini zancen wani dattijo ne a unguwarmu da ya yi shekaru yana aiki a ɓangaren rini na wata masana'antar fata a Challawa. Ya dubi fatar ya girgiza kai.

"Yaro, wa ya ce ka dafa ta?"

"Baba, mai galura ne."

"Shi gari ya sani, bai san fata ba."

Bayaninsa shi ne kowace fata tana da iyakar zafin da take jurewa tana jiƙe, kuma jima ce ke yanke wannan iyaka. Ɗanyar fata tana tsukewa tun wajen digiri 60 zuwa 65. Jimar itatuwa irin ta bagaruwa tana ɗaga ta zuwa tsakanin 70 da 85, in jimar ta ratsa sosai ke nan. Jimar kurom ta masana'anta, wadda ke fitowa da ruwan shuɗi-shuɗi tun tana jiƙe, ita ce ke kaiwa 100 ba ta motsa ba. Ruwa kuwa a 100 yake tafasa. Wato fatuna ba su da hanyar tsira tun daga lokacin da aka ce a tafasa. Ko masu kurom ɗin ma, in ji shi, ba sa kai ganga wannan zafin, a 50 zuwa 60 suke rini. Ta bagaruwa kuwa kada ta wuce 40 zuwa 45, ruwan da za ka iya barin hannunka a ciki ba ka janye ba.

Ya koya mini bambance su kafin in biya kuɗi, don fatar da aka goge aka gyara fuskarta tana ruɗin ido. Ka yanki gefe ka dubi cikin: ta kurom toka-toka ce mai ratsin shuɗi, ta bagaruwa ruwan ƙasa. Ka ɗora jiƙaƙƙiyar ƙusa a kai: ta bagaruwa za ta yi baƙin tabo, don ƙarfe da bagaruwa in sun haɗu baƙi suke haifarwa, aikin da kuloko ke yi ke nan tun zamanin kakanni. Wannan kuma ya nuna tukunyar ƙarfe mai tsatsa ba wurin rina ta ba ne, sai robar wanki ko tukunyar silba marar tsatsa. In har yanzu kana shakka, yanki ƙyalle kamar faɗin yatsa biyu ka jefa a tafasasshen ruwa. Ƙyalle ɗaya da na jefa a ranar, da ya nannaɗe a idona tun fatuna suna rataye lafiya.

Na sake sayen fatu, kuɗin da ya cinye ribar aikin tun kafin a ɗinka ko jaka ɗaya. A wannan karon na jiƙa su a ruwan ɗumi har suka sha ko'ina, don busasshen wuri dabbare-dabbare yake yi. Garin galurar a ɗan kofi na dama shi da ruwan zafi, na tace da ƙyalle saboda gudaji, sannan na zuba a ruwan ɗumin kaɗan-kaɗan ina juya fatar ba tsayawa. A kan nauyin kaya ake auna gari, ba a kan yawan ruwa ba: giram 10 zuwa 20 a kilo ɗaya ya isa launi matsakaici, baƙi ne ke cin ninkin haka. Tsamin kuma a ƙarshe yake shiga, a tsarme da ruwa, kashi-kashi. In ka zuba shi tun farko galurar za ta cafke fuskar fata nan take ba ta shiga ciki ba, wani wuri ya yi duhu wani ya yi haske, in aka yanka a ga cikin fari.

Fatar ta tsira, laushinta na nan. Amma shuɗin Hajiya bai fito ba. Abin da na samu wani kore-kore ne mai duhu, don galurar tsami ba fenti ba ce, ba ta rufe abin da ke ƙarƙashinta, kuma fatar bagaruwa da ruwan ƙasarta take zuwa. Shuɗi a kan ruwan ƙasa kore yake bayarwa. Ga shi bagaruwar ta riga ta zauna a yawancin guraben da galurar ke nema, sai launin ya fito a dushe ko ka ƙara gari. Ja da ruwan goro da ruwan ƙasa mai duhu suna kyau a kanta ƙwarai, na gwada a ƙyallaye na gani. Shuɗi mai haske da ruwan hoda kuwa, a manta.

Dole na nemi fatar kurom wadda ba a rina ba. Ban so ba, don ni ɗan jimar gida ne, kuma wannan jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi da bagaruwa ta yi suna har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, saboda ta can ayari ke fitar da ita. Amma mai aiki launi ta biya wa kuɗi. Ita kurom halinta kishiyar na bagaruwa ne: tsananin son galurar take, tana fizgarta tun a fuska. Sai an fara kwantar mata da tsaminta da ɗan bekin soda, a duba da takardar gwaji har pH, wato ma'aunin tsami, ya kai wajen 5 zuwa 6, sannan a rina, sannan a ƙara tsami a sauko da shi wajen 3.5 don launin ya zauna. Masana'antu da fomik asid suke wannan. Yana ƙona fatar mutum, tururinsa yana shaƙe mutum, in za ka taɓa shi sai da safar hannu kuma a fili. Ni khal na yi amfani da shi, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, ya ɗan fi cin lokaci da yawa amma ya yi. Shuɗin ya fito yadda ake so. Na sa mata mai tun da sauran danshi, na shanya a inuwa.

Kada jiƙaƙƙiyar fata ta ruɗe ka, in ta bushe launin yana yin haske sosai. Da ƙyallen gwaji busasshe ake yanke hukunci.

Wani abin da na ga yana cutar mutane shi ne haɗa wannan galura da ta masu rinin shadda. Waccan da soda mai ƙuna da haidros take aiki, kuma soda tana cinye ulu da siliki, ta lalata fata. Ko bayan an gama rini, kanwa da garin sabulun wanki mai ƙarfi suna kwance galurar tsami daga jikin zare, don tsami ne ya ɗaura ta. Na gaya wa Hajiya ta gaya wa masu saye: a goge da ɗanyen tsumma kawai. Siliki ma yana da tasa iyakar, in ya wuce wajen digiri 85 ƙyallinsa yana dushewa, ulu kuma in ka fitar da shi daga zafi ka jefa a ruwan sanyi ko ka cika dama shi, cuɗewa yake ya zama kamar dara. Ashe ko a cikin abubuwan da Alhaji ya lissafa, ba duka ne ke son tafasar da yake wa'azi ba.

Har yanzu abin da ke ci mini rai shi ne garin a ƙullin leda ake ba ka, babu suna babu lamba, alhali durom ɗin da aka ɗebo shi yana da su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai fatan kayansa su ƙetare. Tun 2002 Tarayyar Turai ta hana shigar da kayan fata da tufafi masu taɓa jiki in an rina su da wasu galurori da ake kira azo, masu sakin sinadarai masu jawo ciwon daji, irin su benzidin, in sun wuce miligiram 30 a kilo. Kai da ka sayi ƙulli ba ka san me ke ciki ba, da me za ka amsa in an tambaye ka? Yanzu sai an nuna mini durom na ɗauki hoton takardar jikinsa nake biya, in mai shago ya ɓata rai in yi gaba. Ina kuma rufe hanci in zan auna garin, tukunyar rini kuwa ba ta komawa madafa.

Kafin in ɗinka, kowace fata sai da na goge ta da farin ƙyalle, busasshe sannan jiƙaƙƙe. Wadda ta bar shuɗi a jiki na mayar da ita ruwan ɗumi da ɗan khal, na ɗauraye har ruwan ya fita garau. Zaren nailan ne ya so ya ba ni kunya a ƙarshe, don ya fi siliki da fata saurin sha, a ruwa ɗaya sai ya fi su duhu. Na rina masa wani daban da rabin garin, na tsamo shi da wuri, sannan ɗinkin ya ɓace a jikin jakar yadda Hajiya ta nema.