Ni ɗan Damagaram da ban iya iyo ba, wai kifin shak nake son zuwa gani

Tun ranar da na buɗe baki a fada na ce ina tara kuɗi zan je in nutse cikin teku in ga kifin shak ido da ido, har yau ban huta ba. Mai dafa mana shayi ya aje buta ya kalle ni sama da ƙasa ya ce "kai da bido biyu na ruwa ma sai ka bi mai garuwa da magiya, kai ne za ka teku?" aka kwashe da dariya har da masu tafawa. Ban ji haushi ba don ba ƙarya ya yi ba, duk wanda ya yi bazara guda a Zinder ya san yadda ake tashi ƙarfe ukun dare a kasa kunne ko pampo ya fara tari. Gari ne da duwatsu suka fi ruwa yawa, amma ni dai abin ya riga ya shiga raina.

Wani bidiyo ne ya jawo min a YouTube, wata rana da dare kuran ya ɗauke zafi ya hana barci. Wani ƙaton kifi na gani yana tafiya a hankali kamar basarake, jikinsa duk ɗigo-ɗigon fari sak zabuwa, mutum na iyo a gefensa kamar ƙadangare kusa da kar ɗin Yamai. Shi ne shak ɗin da ya fi kowane kifi girma a duniya, yana kai mita 12 har ya wuce, bakinsa ya fi mita ɗaya faɗi amma ƴan mitsi-mitsin halittun ruwa da ƙananan kifaye kawai yake tacewa ya haɗiye, ba ruwansa da mutum. Kuma ɗigon nan kowane kifi da irin nasa kamar zanen yatsa, da hoto ake gane su ɗaya bayan ɗaya. Na kalli bidiyon nan ya fi sau goma har uwargida ta ce in rage murya yara na barci.

Daga nan na shiga neman inda za a je. Fiji da Bahamas duk suna da suna wajen shak, amma na duba taswira na duba aljihu na rufe maganar. Tsibirin Sal na ƙasar Kap Ber ya fi kusa da mu, can akwai wani bakin ruwa da ake shiga da ƙafa ruwa iya gwiwa ƴaƴan shak na gilmawa ta gefenka, to amma ni ba wanke ƙafa zan je yi ba.

Biyu suka rage. Na farko Maldib, tsibirai sama da dubu cikin tekun Indiya, ƙasar Musulmi ce don haka ba ka da damuwar abinci ko masallaci, kuma biza a filin jirgi ake buga maka ta kwana 30. A 2010 suka hana kamun shak a ruwansu, a kudancin rukunin tsibiran Ari ana ganin mai ɗigon nan duk shekara, a tsibirin Fuvahmulah kuma shak mai zane irin na damisa ake zuwa gani, wannan kam ba abokin wasa ba ne, sai wanda ya goge. Matsalar Maldib ɗaya ce, kuɗi. Komai da dalar Amurka ake lissafi, in ka juya shi zuwa sefa sai ka ji jiri.

Na biyu tsibirin Mafiya a Tanzaniya, kudu da Zanzibar, kuma kar sunan ya ba ku tsoro ba ruwansa da ƴan daba. Daga wajen watan Oktoba zuwa Fabrairu shak mai ɗigo na taruwa gab da garin Kilindoni suna kiwo, a ɗaya ɓangaren kuma akwai gaɓar Chole cikin gandun teku da gwamnati ta killace tun 1995, can ake koyon nutso. Nan hankalina ya kwanta. Hanya kuma, ko in sha kilomita wajen 900 a kar zuwa Yamai ko in gangara Kano da ba ta fi 240 ba, jirgin Habasha zuwa Adis Ababa, daga can Darussalam, sai ƙaramin jirgi na kamar rabin awa ya sauke ka tsibirin. Katin rigakafin shawara dole ne, na riga na lalubo nawa cikin akwatin takardu duk ya yi ƙura.

Abin da ya ba ni mamaki, ashe shi wannan babban ba a buƙatar tukunyar iska a gan shi, kusa da saman ruwa yake kiwo, tabarau da bututun shaƙa da takalmin agwagwa sun isa. Amma ni tunda zan kashe kuɗin jirgi so nake in sauka ƙasa sosai, in ga ƙasan teku da idona. Sai na buɗe sharuɗɗan kwas ɗin farko na PADI, ƙungiyar da ke koyar da nutso, kwana uku zuwa huɗu ne, nutso huɗu cikin teku, in ka ci a ba ka kati mai ba ka damar sauka har mita 18. Ina karantawa ina murna sai na iso layin da ya ce kafin komai sai ka yi iyo mita 200 ba tsayawa, sannan ka yi minti goma saman ruwa ba ka dafa komai ba.

Jama'a ni a lokacin ko mita biyu ban taɓa yi ba.

Muna yara in damina ta cika tapki Inna bulala take ajewa bakin zaure, duk wanda ya dawo da jiƙaƙƙen wando ya san sauran, kuma tana da gaskiya don kusan kowace damina sai an ji tapki ya ci yaro. To haka na girma, ruwan da na sani na wanka ne da na alwala. Yanzu ga ni da furfura ta fara leƙowa, duk lokacin da na je Kano sayo kaya sai in saci awa biyu in je wani otel mai pisin. Ranar farko yaron da ke koya min, wanda na girme shi nesa ba kusa ba, ya ce "Yallaɓai sa fuska cikin ruwa ka hura iska ta hanci kawai". Na sa, na ɗago a firgice ina tari ruwa mai warin magani na fita ta hanci, wasu ƴan yara masu shekara bakwai suna gefe suna wulƙawa kamar tarwaɗa suna kallona. Yanzu dai ina tsallake pisin ɗin sau biyu kafin in kama bango ina haki. A gida kuma babban baho nake cikawa in dinga gwada numfashi, uwargida na tsaye tana jira in gama ta kwashe ruwan ta yi wanki, don a garin nan ba a zubar da ruwa saboda wasa.

Karatun ma ya nuna min ba shak ne abin tsoro ba, iskar da ke ƙirjinka ce. Duk mita goma da ka sauka matsin ruwa na ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da ke danne mu a doron ƙasa, shi ya sa ake toshe hanci a hura a hankali don kunne ya daidaita. Dokar farko kar ka taɓa riƙe numfashi, in ka riƙe kana hawa iskar na kumbura cikin huhu ta yi maka illa. Hawa ma sannu-sannu ake yi, a tsaya minti uku a mita biyar don sinadarin naitorojin da ya shiga jini ya fita, kuma bayan nutso na kwanaki sai ka jira aƙalla awa 18 kafin ka hau jirgin sama, ke nan ranar ƙarshe ta zaman bakin ruwa ce da shan ruwan kwakwa. Akwai takardar lafiya da ake cikewa, mai asma ko ciwon zuciya ko sikila sai ya ga lokotoro tukuna. Wai har gashin baki matsala ne, yana sa ruwa ya ɗiga cikin tabarau, wannan kam sai mun zauna da wanzamina.

Inna ce ta rage. Na same ta bayan la'asar tana tsince wake na ce Inna shak fa iri sama da 500 ne kuma yawancinsu ba sa kula mutum, a duk duniya waɗanda yake kashewa a shekara ba su cika wuce goma ba, maciji kuwa dubbai yake kashewa, mu mutane ma mu ke kashe shak miliyoyi saboda fiffikensa da ake miya da shi. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce "macijin shi ke zuwa inda kake, wannan kai za ka biya kuɗi ka kai masa kanka". Na rasa ta cewa. Da zan tashi sai ta ce in dai na dage to sai ta ga bidiyon ina iyon mita ɗari biyun nan da idonta, ba tsayawa ba dafa bango, sannan mu yi maganar biye. Sati mai zuwa zan koma Kano, na riga na gaya wa yaron pisin ya caja wayarsa.