Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hunturun da muka fid da jirgin Kawu daga ruwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan makon mun tsaya inda Kawu ya ɗauke ni yaron jirgi a Yawuri, toh yau gyara za mu shiga.

Da hunturu ya kama, hazo ya kan rufe tafkin Kainji har ka kasa hango gaɓar tsallake, ga iska na tada igiyar ruwa, fasinja ma tsoro suke ji. Shi ya sa Kawu ya zaɓi lokacin, ya ce tunda ciniki ya ja baya gara a fid da jirgin. Jirgin katako ne tsoho, ya girme ni, da injin Yamaha mai doki 40 a bayansa. Majiya ƙarfi aka tara aka jera itace a ƙasa aka gangaro shi kan tudu.

Da aka kife shi ne na ga abin da muke ɗaukar mutane a kai. Gansakuka ta lulluɓe cikin, muka kankare, sai ga katako biyu a ƙasan goshi sun yi laushi, kafinta ya soka ƙusa da hannu kawai ta shige. Nan ne wurin da yake yawan bugun kututture, don tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye daji da garuruwa har da tsohuwar Bussa, itatuwan da ba a sare ba suna nan tsaye a ƙarƙashi har yau.

Ni raina na kan sabon inji da fenti. Na ce, "Kawu, da kun ƙara kuɗi an sayo mai doki 75, ai da mun riƙa riga kowa isa Rofia." Ya ce, "Ɗana, ka ɗora babban inji a kan ruɓaɓɓen katako, girgiza kaɗai ta isa ta buɗe shi." Kuɗin nan kaf a katakon maɗaci suka tafi, kuma wallahi har gobe ina ganin shi ne daidai.

Aikin toshe haɗin katako shi ya fi cin rai. Auduga ake murɗawa a tura cikin tsagar da kurfi ana bugawa a hankali, a narka kwalta a zuba da zafinta, sannan a bi da langa-langa da ƙananan ƙusoshi, kuma dole a yi sauri domin iskar hunturu tana busar da katako ya tsuke, in jirgi ya daɗe a tudu tsagar da ka toshe jiya sai ta sake buɗewa, don haka safe da yamma ina ɗibar ruwa da bokiti ina watsa masa, hannuna duk ya faffashe.

Injin kuma bakanike ya zo har bakin ruwa. Ya cire farfela, sai ga zaren taru ya naɗe sandar tam, ya cinye robar da ke hana ruwa shiga. Da ya kwance ƙusar man giya, man ya zubo fari kamar kindirmo, alamar ruwa ya gauraya da shi ke nan. Ya canza robar da man, ya canza robar famfon da ke zuƙo ruwa yana sanyaya inji, ya wanke kafireto, ya sa sabbin filogi. Shi ya koya min haɗin mai, rabin lita na baƙin mai a lita 25 na fetur, ya ce kullum in na tada inji in fara duba ko ruwa na tsartowa ta baya kafin in sa giya.

Ƙarin da muka yi kaɗan ne: benci biyu, rumfar tamfol, fitila mai batir a goshi saboda hazo, da rigunan kariya masu hana nutsewa. Wasu direbobin sun yi ta cewa ɓarnar kuɗi ce, wa zai sa riga. Bayan hatsarin Wara na watan Mayu 2021, da jirgi ya rabe a tsakiyar ruwa mutane da yawa suka rasu, Allah Ya jiƙansu, masu faɗin haka da kansu suka zo tambayar inda Kawu ya saya.

Da muka mai da shi ruwa sai da ya kwana biyu yana tsattsafo kafin katakon ya kumbura ya kame. Mako mai zuwa in sha Allah zan ba ku labarin ranar da Kawu ya fara miƙa min hannun inji a hanyar Malale.