Mun tare, kantar littattafai ma ta tsaya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon aikin katako. Kwana biyu kun ji ni shiru, har wasu na tambaya ko na aje zarto ne. A'a wallahi ban aje ba, tarewa ce ta sha min kai. Alhamdulillah mun bar gidan haya na Mabera a nan Sakkwato bayan shekara 11, mun koma namu na kanmu can wajen Dambuwa, ɗaki biyu da falo da kicin, a rabin fuloti. Tun 2017 na sayi filin, da adashen malamai da ɗan abin da nake samu na lesin ɗin yamma, yau bulo ɗari, wata mai zuwa siminti buhu biyar, wani lokaci wata huɗu ban taka wurin ba don babu abin kaiwa. Har yanzu ɗaki ɗaya ba silin, waje ba filasta, amma mai ɗakina ta ce Malam mu tafi hakanan, kuɗin hayar da za a sake biya a kai su ga silin. Gaskiya ta faɗa, munka kwashe kaya ranar Asabar ta farko bayan an ba da hutu.

Wancan karon na faɗa muku na gama benci da ɗan teburin da nake makin a kai, kuma na ce abu na gaba kantar littattafai ce. To ga yadda ta kasance, da inda na yi daidai da inda na ɓata katako.

Awon da na yanke: tsayi ƙafa 6, faɗi ƙafa 4, zurfi inci 10, hawa biyar. Littattafan da za ta ɗauka ba kaɗan ba ne, akwai nawa tun na NCE a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, da na lissafi da nake koyarwa da su, da na addini da na gada wurin mahaifina Allah ya jiƙan shi, waɗanda shekara 11 suna cikin kwali da buhun Bagco ƙarƙashin gado, duk damina sai na fito da su na shanya.

Kuskure na farko tun wurin saye na yi shi. Na je 'yan katako ƙarshen Oktoba na ɗauko falanki huɗu masu inci 1 bisa 12, tsawon ƙafa 12, na ga sun yi kyau sun miƙe sambal, ban tsaya tambaya ba. Washegari na auna na yanke biyu, na jingine su a bango na shiga hidimar jarabawa. Da hunturu ya sauka na koma dubawa sai na tarar kowane ya lanƙwashe kamar kwale-kwale, ɗaya ma bakinshi ya tsage kusan taƙi guda. Na ɗora ɗaya bisa mashin na kai wa Baba, dattijon da nake zuwa shagonshi Asabar da Lahadi, bai ko karɓa ba ya ɗora tafin hannu bisa ya ce, "Malam ai katakon ga ɗanye na, mi ya hana ka tambaye ni?" Ya bayyana min cewa katakon nan daga kudu ake hawo da shi da ruwanshi a jiki, in ya iso Sakkwato iskarmu ta bushe shi da gaggawa, gefen da ke shan iska ya riga na jikin bango bushewa, shi ne yake jan shi ya karkace. Kuma katako ta faɗi yake tsukewa, tsawonshi kusan ba ya canzawa, na koma gida na sa tef na ga kuwa faɗin ya ragu kusan kwatan inci, tsawon yana nan yadda na yanka.

Don haka ku riƙe wanga, ɗanyen katako ya fi nauyi, in ka taɓa shi za ka ji sanyi, in ka sa zarto garin yana fitowa a dunƙule yana liƙe wa haƙora, zarton na cijewa. Sauran biyun da ƙarin biyu da na sake saye, kwantar da su na yi cikin ɗakin da ba silin, na ɗaga su daga ƙasa bisa bulo, na sa 'yan sanduna tsakanin kowane falanki da ɗan uwanshi don iska ta ratsa ko'ina, na danne sama da bulo huɗu, sati uku ban taɓa su ba. Kada a sa a rana, rana tsaga shi take. Waɗanda sunka lanƙwashe ban yar ba, na yayyanka su gajeru gajeru, za su yi ƙananan kujerun tsugunno na kicin.

Cikin sati ukun nan ne anka yi kwasar kaya da makin gaba ɗaya, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Aji uku nake ɗauka 'yan JSS 2, takardun jarabawa cike da jaka, ga haɗa makin CA ga cike rijista, ga mai a-kori-kura yana kira yana cewa in ba mu shirya ba shi zai wuce wani aiki. Dare biyu ina zaune bisa bencin nan da na yi da hannuna, fitilar caji a gefe, jan biro a hannu, yara na barci bisa katifa a ƙasa tsakanin ƙullin kaya. Ruwa kuwa sai 'yan ga-ruwa, don famfo bai iso layinmu ba. Daren farko munka kunna karatun Baƙara a falo, da safe maƙwabciyarmu ta aiko da kunu da ƙosai tun ba mu san sunanta ba, abin ya tsaya min a rai ƙwarai.

To sai ranar haɗawa. Nan ne abin da nake koya wa yara a allo ya yi min rana. Kusurwar falo nake son kantar ta shiga, sai na ce bari in gwada ko kusurwar daidai take: ka auna ƙafa 3 a bango ɗaya ka sa alama, ƙafa 4 a ɗayan ka sa alama, tsakanin alamomin biyu dole ya ba ka ƙafa 5 cif, wato inci 60, in dai kusurwar ta zauna daidai. Tawa inci 61 da rabi ta ba ni. Na sake, haka. Ma'ana kusurwar ta buɗe, in na tura kanta mai zurfin inci 10 za a samu rata wajen rabin inci ta gaba. Raina ya ɗan ɓaci don ina tsaye anka ɗora bulon nan, amma ban san in gwada ba a lokacin. Da farko na so in karkata gefen kantar ya bi bangon, Baba ya hana, ya ce, "Kak ka bi bango, yi abinka daidai, ratar a rufe ta da siririn katako." Haka na yi kuma ba mai ganewa sai wanda na nuna wa. Duk wanda cikinku ke gini yanzu, don Allah ya ɗauki tef ya je ya gwada kusurwoyinshi tun bulo na layi na ɗaya, minti biyar ne.

Ita kanta kantar, kafin gam ya kama na auna ta daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, sannan ɗaya ɓangaren, in awon biyu sunka zo ɗaya to ta zauna, in ba su zo ba ka ɗan tura dogon ɓangaren har su daidaita sannan ka buga falawud ɗin baya. Falawud ɗin nan kada ku raina shi, siriri ne na kwatan inci amma shi ke hana ta rangaji, kafin in buga shi da yatsa ɗaya nake girgiza ta, bayan na buga ko motsi. Shi fefe ɗaya ƙafa 4 bisa 8 yake zuwa, kun ga ke nan na yanke ƙafa 6 saura ƙafa 2 ta rage min, da gangan na zaɓi faɗin ƙafa 4 don kada in yi asara. Na kuma sa katako a tsaye ta tsakiya ya raba kowane hawa biyu, saboda littafi nauyi gare shi, falanki mai inci 1 in ka bar shi ƙafa 4 ba madogara wata shida ya yi ciki. Ƙusa kuma in za ka buga kusa da baki, juya ta ka ɗan daki tsinin da guduma ya dakushe, ba ta tsaga katakon, na gwada a guntaye sau goma kafin in yarda. Sukuru a goga mai sabulu, yana shiga ba gardama.

Abin da ya fi tsaya min shi ne ranar kafe ta a bango. Dole a kafe ta, ina da yaro ɗan shekara 3 da duk abin da ya gani sai ya hau, kanta mai ƙafa 6 cike da littattafai in ta rufto Allah ya kiyaye. Bulon inci 6 cikinshi rami ne, ƙusar kankare ba ta riƙewa, fasa filasta kawai take yi, sai dirila da fisha, wato 'yar robar da ake cusawa cikin hudar ta riƙe sukuru, da sukurun kanshi, kuma ka ƙwanƙwasa ka nemi inda ba ya amsawa kamar ganga. Na aro dirila, ba wuta, na jira har la'asar, ƙarshe wani maƙwabci mai walda ya ja min waya daga janaretanshi. Na ɗora bakin dirilar a bango sai na ji hannuna ya tsaya. Shekara 11 ban huda bango ba, a gidan haya ko ƙusar rataye kalanda zan buga sai na tuna sharaɗin da anka gindaya min ranar karɓar makulli, duk abin da na ƙera a baya ina yin shi ina lissafin ko zai fita ta ƙofa, ko zai shiga mota ranar da anka ce mu tashi, bencin ma shi ya sa na yi shi gajere. Wannan kuwa na auna ta da wanga bango, ba ta da wurin zuwa. Na yi bismillah na huda, jar ƙura da garin siminti sunka zubo bisa ƙafata, mai ɗakina na tsaye bakin ƙofa da tsintsiya ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba, huda huɗu na yi.

Maganar gara kuma, ku da ke sababbin unguwanni ku kula sosai, wurin nan gona ce da, gara na nan ƙarƙashi. Na manta wani guntun katako a tsakar gida kwana takwas, da na ɗaga shi ƙasan duk ta yi mai rufin laka ta fara ci. Gidan kakana a ƙauye azarar giginya ce a rufin, ta girmi mahaifina kuma gara ba ta iya mata komai ba, amma farin katakon da muke saye yanzu abincinta ne. Na yi wa kantar ƙafafu inci 4 don a riƙa ganin ƙasanta ana sharewa, na shafa wa ƙafafun baƙin mai sau biyu, amma ban kai shi inda littafi zai taɓa ba don yana wari kuma yana ɓata takarda. Duk Juma'a in na dawo masallaci sai na haska bayanta da tocila ko zan ga hanyar laka.

Banish ne bai yi yadda nake so ba. Na goge da samfefa mai lamba 80, na bi da 120, na ƙare da 220, jiki ya yi sumul, sai na shafa da rana tsaka taga a buɗe cikin wanga hazo, ƙura ta zauna a kai ya bushe da ita, in ka shafa hannu kamar yashi. Na sake gogewa da 220 a hankali, shafi na biyu bayan asuba na yi shi, na yayyafa ruwa a ƙasa na rufe tagogi, na shafa siriri, ya fi na farko nesa ba kusa ba amma hawa na sama har yanzu akwai ɗan gurza-gurza. Na bar shi haka sai iska ta kwanta.

Yanzu an koma makaranta, tafiyar ta ƙara nisa, ƙarfe bakwai saura nake tada mashin da rawani da safar hannu saboda sanyi, man da nake sha a sati ya ƙaru, aikin katako ya koma Asabar da Lahadi kawai. Satin da ya wuce na shiga aji da igiya mai ƙulli 12 tsakaninsu daidai, na fito da yara uku sunka ja ta 3, 4, 5, munka bi kusurwoyin ajin muna gwadawa, wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta ce Malam in na je gida zan gwada ɗakin Innarmu. Ranar Litinin ta zo ta ce nasu daidai yake.

Abu na gaba kantar kicin ce, mai ɗakina ta gaji da jera tukwane a ƙasa, ta ce hawa uku take so da ƙofa saboda ƙura. Asabar in sha Allah zan je in ɗauko katakon in kwantar da shi sati uku tukun. Ban taɓa sa ƙofa ba, kuma wannan karon ina son in fafe gefen da kurfi hawan ya shiga ciki maimakon ƙusa kawai, to wanda ya taɓa yin haka da hannu ba inji, don Allah ya faɗa min zurfin da yake ba ramin a falanki mai inci 1, ni kwatan inci nake tunani amma ina tsoron kada ya yi kaɗan ga nauyin tukwane.